Babi na Shida: Allura a Hannu, Littafi a Gefe

Ranar da likitan dabbobi ya miƙo mini kwalbar insulin da ƙunshin sirinji, tambayata ta farko ita ce yunit nawa zan riƙa yi wa muzurun gidanmu mai ciwon suga. Ya ce yunit ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Na ce, "To Likita, haka za mu ci gaba ke nan?" Ya ce, "Malam, wannan kuma kai za ka faɗa mini. Kafin ka isa gida ka tsaya ka sayi littafin rubutu." Sai bayan makonni na gane nufinsa. Likita yana ganin kyanwa na minti ashirin, sau ɗaya a wata. Mai gida shi ke ganin kwanon ruwanta ya ƙafe kafin azahar, shi ke ganin kiyashi ya taru inda ta yi fitsari, shi ke jin ƙashin bayanta ya fara fitowa idan ya shafa ta. Ma'aunin allura daga waɗannan abubuwa ake fitar da shi, kuma duk a gida suke.

Akwai wani dalili kuma da ya shafi halin kyanwa ita kanta. Dabba ce da tsoro ke tayar mata da suga nan take. A saka ta a kwali, a ɗora a adaidaita sahu, a ratsa hayaniyar gari da ita, a shiga ɗakin da ke warin karnuka, a danne ta a kan tebur: jinin da za a ɗauka a wannan lokaci zai iya nuna suga mai yawa ko da lafiyarta ƙalau. Idan aka ƙara mata allura bisa wannan lamba, an gina gida a kan yashi. Ɗigon jinin da aka ɗauka daga kunnenta tana kwance a kan tabarmar da ta saba ya fi faɗin gaskiya.

Na san akwai mai karatun da tun daga babin farko yake riƙe da wata magana a ransa: mutane na neman kuɗin insulin ba su samu ba, shi ne za a yi wa mage? Ban raina wannan magana ba, domin a danginmu ma akwai masu ciwon suga, kuma na san yadda kwalba ɗaya ke cin albashi. Amma dabbar da ka ajiye a gidanka, ta daina farauta ta dogara da kwanonka, amana ce a wuyanka. Mun taso muna jin yadda aka yi wa babban sahabi laƙabi da Abu Huraira saboda 'yar kyanwar da yake ɗauka. Sannan shi kansa maganin ta hannun dabbobi ya iso gare mu: a 1921, a birnin Toronto na Kanada, a kan karnuka Frederick Banting da Charles Best suka yi gwajin da ya kai ga samun insulin, kafin a yi wa ɗan Adam na farko a watan Janairun 1922. Wanda ba shi da hali, ya zauna da likita su duba abin da zai yiwu. Wanda ya ɗauki nauyin kuwa, to ya yi shi da kyau, domin insulin da aka yi da ganganci ya fi ciwon saurin kisa.

Abu na farko da ke jefa mutane cikin hatsari tun kafin a zo maganar gwaji shi ne sirinji. Insulin ƙarfi biyu ne ake yawan haɗuwa da su. Wanda aka yi domin dabbobi, kamar Caninsulin da ProZinc, yunit 40 ne a cikin mililita ɗaya, za ka ga an rubuta U-40 a jikin kwalbar. Na mutane da ake ba kyanwa, irin su Lantus, yunit 100 ne a mililita, wato U-100. Kowanne da sirinjinsa. Idan ka zuƙi U-100 da sirinjin U-40 har zuwa layi na biyu, kana zaton yunit biyu ka ɗiba, alhali yunit biyar ne a hannunka, ninki biyu da rabi. Ga dabbar da nauyinta bai wuce kilo huɗu ba, wannan na iya zama ajali. Idan kuma aka juya, ta sami ƙasa da rabin abin da aka rubuta mata, a yi ta mamakin me ya sa maganin ba ya aiki. Duk lokacin da sirinji ya ƙare ka je kemis, karanta jikin ledar da idonka, kada ka dogara da cewa yaron shago ya miƙo maka irin na wancan karon. Kuma kada a ara wa kyanwa insulin na wani mai ciwon suga a gida don dai sunan ɗaya ne. Jikinta yana cinye wasu nau'o'in da sauri, musamman gaurayen nan mai kama da madara da mutane da yawa ke amfani da shi, sai ya ƙare tun ana saura awanni kafin allura ta gaba.

Ajiya ma aiki ce a ƙasar da wuta ke ɗaukewa a watan Afrilu. Wurin insulin cikin firij ne, tsakanin digiri 2 da 8, nesa da wurin ƙanƙara, domin idan ya daskare ya mutu ko da ya narke daga baya. Zafi ma yana kashe shi sannu a hankali ba tare da kamanninsa sun sauya ba. Idan wuta ta yi kwanaki ba ta zo ba, dabarar tukunya cikin tukunya tana taimakawa: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen tsumma a sama, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Ita ce dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa domin adana tumatir da alayyafo, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ba ta kai sanyin firij ba, amma tana raba kwalbar da zafin ɗaki. A saka kwalbar cikin leda a ɗaure don kada ruwa ya taɓa bakinta. Idan lambobin da suka daɗe a daidai suka fara hawa haka kawai bayan an yi zafi, kwalbar za a fara zargi kafin kyanwar.

Ana yin allurar sau biyu a rana, awa 12 tsakani. A wajenmu wannan ya zo da sauƙi: ƙarfe shida da rabi na safe, sai kuma wajen magariba. A ba ta abinci, a ga ta fara ci, sannan a ɗaga fatar gefen haƙarƙarinta da yatsu biyu a soka a ƙarƙashin fatar, yau dama gobe hagu. Wata rana za ka zare allurar ka ji gashinta a jiƙe, ka rasa ko maganin ya shiga ko ya zube. Kada ka sake yi. Rubuta abin da ya faru, ka jira lokaci na gaba. Haka nan a gida mai mutane da yawa, mutum ɗaya ne zai riƙe aikin, ko kuwa duk wanda ya yi ya sa hannu a littafi nan take. Uwargida ta yi kafin ta shiga kicin, maigida ya dawo daga masallaci shi ma ya yi, wannan kuskure ne da kowane gida zai iya faɗawa ciki.

Yanzu sai kunne, inda ake ɗaukar jinin gwaji. Idan ka haska tocila ta bayan kunnen kyanwa za ka ga wata siririyar jijiya ta bi gefensa. Ana ɗumama kunnen tukuna, da yatsu ko da tsumma mai ɗumi, domin kunne mai sanyi ba ya ba da jini, musamman da hunturu. A tallafe shi da auduga, a soka gefen jijiyar da tsinken gwaji, ɗigo ɗaya ya fito, a taɓa shi da bakin 'yar takardar da ke cikin na'urar gwajin suga, sannan a danne wurin da audugar na ɗan lokaci. Kwanakin farko sai an soka sau biyu ko uku kafin a samu, hannu na rawa, kyanwa na kaɗa kai ɗigon ya fantsame. Bayan mako biyu kunnen ya saba, hannun ma ya saba. Idan ana bin kowane gwaji da ɗan yankin nama, akwai kyanwar da da kanta za ta zo ta zauna idan ta ji an buɗe jakar na'urar.

Na'urar mutane tana aiki, amma a san halinta. A jinin kyanwa kusan duk sugan yana cikin ruwan jinin ne, a na mutum kuwa kaso mai yawa yana cikin jajayen ƙwayoyi, don haka na'urar da aka tsara wa mutum takan nuna lambar da ta ɗan gaza ta gaskiya. Akwai na dabbobi, kamar AlphaTRAK, sai dai takardunsu na da tsada da wuyar samu. Ka riƙe na'ura ɗaya, ka faɗa wa likita wacce ce. Ka kuma duba ma'aunin da take amfani da shi. Wata za ta nuna 180, wata ta nuna 10, kuma jini ɗaya ne: ta farko mg/dL ce, ta biyu mmol/L, ana raba ta farko da 18 a sami ta biyu. Lambobin da ke cikin wannan babi duk na mg/dL ne.

Lafiyayyar kyanwa sugan jininta yana zama tsakanin 70 da 150. Idan ya haura wajen 250 zuwa 290, ƙoda ta kasa riƙe shi, ya fara zuba cikin fitsari yana jan ruwa tare da shi. Daga nan ne yawan fitsari da ƙishirwa da rama suke fitowa. Abin da ake nema da allura shi ne kyanwa ta yi yawancin yininta a ƙasa da wannan iyaka, ba tare da ta faɗa rami ba.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, kuma nan ne zuciyar wannan babi. Lambar da ka gani da safe kafin allura ita ce mafi girma a yini, ko kusa da haka, domin allurar jiya ta ƙare. Ba ta faɗa maka yadda maganin ke aiki ba. Abin da ke faɗa maka shi ne inda suga ya fi sauka a tsakiyar awanni sha biyun, kuma ba ka sanin wannan sai ka ware rana guda ka bi shi: gwaji kafin allurar safe, sannan kowace awa biyu har zuwa ta yamma, ko kowace awa uku zuwa huɗu idan insulin mai daɗewa ne irin Lantus. A ce da safe ka sami 340. Ƙarfe takwas da rabi 260, goma da rabi 170, sha biyu da rabi 110, sannan ya juya sama, 180, 250, har ya koma 320 da magariba. Wanda ya ga 340 da 320 kaɗai zai ce magani ya yi kaɗan, a ƙara. Amma 110 ɗin nan na tsakar rana ta riga ta ce a'a. Ana son wannan ƙasan ya tsaya tsakanin 80 da 150, kuma ya tsaya. Ƙarin yunit ɗaya zai iya tura shi ƙasa da 60 a daidai lokacin da kowa ya fita aiki.

Wani lokaci ma lambar safe tana yin sama ne saboda allurar ta yi yawa. Idan suga ya faɗi ƙwarai, jiki yakan firgita, hanta ta saki ajiyarta, jini ya cika da suga har ya wuce inda yake da. Ana kiran wannan da sunan Michael Somogyi, masanin sinadaran jiki ɗan asalin Hangari da ya yi aiki a Amurka, wanda ya bayyana shi a wajen mutane. Masana suna da saɓani kan yawan faruwarsa a kyanwa, amma darasinsa a aikace a fili yake: mutum ya ga 400 da safe, ya ƙara allura, washegari ya ga 450, ya sake ƙarawa, alhali cikin dare dabbar tana sauka har bakin mutuwa tana dawowa.

Saboda haka gyaran allura yana da ladabi. Bayan kowane sauyi ana barin jiki ya zauna kwana biyar zuwa bakwai kafin a yanke hukunci, wasu likitocin ma sukan ce mako biyu. Ƙari ba ya wuce rabin yunit ko yunit ɗaya a lokaci guda, kuma da izinin likita bayan ya ga lambobin yini guda, ko a takarda ko ta WhatsApp. Ragewa kuwa ba a jira da shi. Idan ka ga ƙasan ya sauka ƙasa da 80, ko kuma kafin allura ka sami lamba irin ta lafiyayyar kyanwa, dakata da sirinjin ka kira likita. Idan ta ƙi abinci ko tana amai, nan ma kada a yi cikakkiyar allura. Tun ranar farko ka tambayi likitanka abin da zai so ka yi a irin wannan safiya, rabi ko tsallakewa, ka rubuta amsarsa a bangon littafin. Suga mai yawa yana ɗaukar makonni yana ɓarna. Suga da ya faɗi yana iya gamawa da ita kafin la'asar.

Alamomin faɗuwarsa kowa a gidan ya kamata ya sani, har yara. Kyanwa ta yi laushi, tana tangaɗi kamar ƙafafunta ba nata ba, idanu a buɗe amma tana karo da kujera, jiki na rawa, wani lokaci kuka marar dalili, daga ƙarshe ta shiɗe. Idan tana iya ci, a ba ta abinci nan take. Idan ba ta iya ci, a lakato zuma da yatsa a goga mata a dasashi, ko sukari da aka dama da ruwa kaɗan ya yi kauri. Kada a ɗura mata ruwa a baki tana sume, zai bi ta huhu. Bayan zumar a gwada jini, a nufi asibitin dabbobi ko da ta farfaɗo, domin zuma tana ƙarewa da wuri, insulin kuwa yana nan a jikinta na awanni. Ƙaramar kwalbar zuma ta zauna a jaka ɗaya da na'urar, kada a taɓa ta don shayi.

Abinci da allura igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Kyanwa maciyiyar nama ce ta asali, jikinta bai dace da ragowar tuwo da shinkafa da burodi da muke zuba mata ba, kuma busasshen abincin leda yawancinsa hatsi ne ya yi masa yawa. Miya kuma akwai albasa da tafarnuwa, waɗanda ke lalata mata jajayen ƙwayoyin jini. Idan aka mayar da ita kan abinci mai yawan nama mai ƙarancin sitaci, buƙatarta ta insulin tana iya sauka cikin 'yan kwanaki. Wannan labari ne mai daɗi, amma ga wanda ke gwaji. Wanda ya sauya abinci ya bar allura yadda take, ya kira faɗuwar suga da hannunsa.

Ga kuma abin da ya bambanta kyanwa da kare. Ciwon sugan kare kusan kullum na har abada ne. Na kyanwa ya fi kama da nau'i na biyu na mutane, wanda ke tafiya da ƙiba da rashin motsi da shekaru, shi ya sa ya fi kama manyan muzurai da aka fiɗiye suka yi teɓa. Ƙwayoyin da ke samar da insulin a jikinta sau da yawa ba su mutu ba, yawan suga ne ya galabaitar da su. Idan aka sauke musu nauyi da wuri sukan farfaɗo, har a daina allura. A wani bincike da Kirsten Roomp da Farfesa Jacquie Rand ta Jami'ar Queensland a Ostireliya suka wallafa a 2009, an bi kyanwoyi 55 da masu su ke gwada musu jini a gida kullum, ana ba su insulin irin Lantus da abinci mai ƙarancin sitaci. Kashi 64 cikin ɗari sun daina buƙatar allura, a cikin waɗanda aka fara wa tsarin kafin wata shida da gano ciwon kuwa, kashi 84. Masu waɗannan dabbobi sun yi gwaji sau da yawa a rana, abin da ba kowa zai iya ba. Amma ka lura da abin da wannan ke nufi ga kowane gida: allurar da ta dace a watan jiya tana iya zama guba a wannan watan, saboda kyanwar tana samun sauƙi. Wasu kuma ciwon yana dawo musu, don haka ko an daina allura ba a daina lura da kwanon ruwa.

Idan kuwa an yi ta ƙari har an kai yunit biyar ko shida a kowace allura suga bai sauka ba, ruwa ba ya tsami banza. A fara da mai sauƙi: kwalbar, sirinjin, da hannun mai allurar. Daga nan likita zai duba ruɓaɓɓen haƙori, ciwon mafitsara, ko wani maganin ƙaiƙayi da aka taɓa yi mata mai tayar da suga, ko wani ƙari a ƙasan ƙwaƙwalwa da ke hana insulin aiki. Akwai gwajin jini da ake kira furuktosamin da ke nuna matsakaicin suga na mako ɗaya zuwa uku da suka wuce, tsoro ba ya taɓa shi. A tambaya a asibitocin koyarwa na dabbobi, irin na Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Kyanwar da ta daina ci, tana amai, ta kwanta ta bushe, ba ta gida ba ce kuma. Jikinta ya koma ƙona kitse, jini ya yi tsami, sai ƙarin ruwa a asibiti a ranar.

Littafin nan da likita ya ce in saya, ga abin da ya ƙunsa a kowane shafi: kwanan wata, ƙarfe nawa aka yi allura da yunit nawa da wanda ya yi, lambar jini idan an gwada, ta cinye abinci ko ta rage, da ruwan da ta sha, wanda ake aunawa da gora ɗaya kullum. Ranar Juma'a sai nauyinta: ka hau sikeli ɗauke da ita, ka sauke ta ka sake hawa, ka cire. Kyanwar da ruwanta ke raguwa, nauyinta ya tsaya, ta koma lasar jikinta da hawa katanga, tana kan hanya ko da wasu lambobin ba su yi kyau ba. A shafin farko ka rubuta lambar wayar likitanka da manyan baƙi, da ta wani likitan na biyu idan shi ba a same shi ba, ka nuna wa kowa a gidan inda littafin da zumar suke.